Waswasin yarinya 'yar shekara 9: iyaye za a koya wa, ko ita za a zaunar a yi magana?

Maman Biyu, Gadon Ƙaya: Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. 'Yata mai shekara 9 ta shiga wani hali tun bayan ƙaramar sallah. Alwala ɗaya sai ta ƙarar da ruwan buta ta sake cikawa, ta dawo ta ce ba ta tabbata ta wanke gwiwar hannu ba. Da dare sai ta tambaye ni ko kayanta sun taɓa najasa, in ce a'a, can anjima ta sake tambaya. Bayan hannunta har ya fara tsagewa saboda wanki. Mun je asibiti an ce waswasi ne irin wanda likitoci ke kira OCD, haɗe da yawan fargaba. To yarinyar ta ƙi buɗe baki, in aka shiga da ita ƙasa kawai take kallo. Sai ma'aikaciyar ta ce a bar ta a gida, ni da babanta mu riƙa zuwa a koya mana yadda za mu yi da ita. Babanta ya ce bai taɓa jin inda mai ciwo ke gida lafiyayye ke layin asibiti ba. Ni kuma na rasa inda zan tsaya.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya yaye mata. Ki riƙe mata azkar na safe da yamma, ki tofa mata Falaƙi da Nasi kafin barci. Asibitin ma kada ki bari.

Baban Yara, Kantin Kwari: Maman Biyu, ni dai ina bayan maigidanki. Yarinya ce ke shan wahala, ita ya kamata ƙwararre ya gani ya ji abin da ke ranta. In ta ƙi magana yau, a yi haƙuri da ita, gobe za ta yi. Amma a ce iyaye su bar kasuwa da aiki duk mako su je a yi musu darasi, yarinyar tana gida tana wanke hannu, wannan bai shiga kaina ba.

Anti Nas: Maman Biyu, bari in tambaye ki kafin in ce komai. In ta tambaye ki maganar najasa, sau nawa kike amsa mata? Kina sake wanke mata kayan da kika san masu tsarki ne? Kina tsayawa kanta lokacin alwala ki ce mata “ya yi”?

Maman Biyu, Gadon Ƙaya: Duka ina yi, Anti. In ban amsa ba kuka za ta yi har numfashinta ya sarƙe. Butarta ma daban na ware mata, ƙannenta ba sa taɓawa. Hijabin makarantarta kullum sai an wanke ko da rabin yini ta sa.

Anti Nas: To nan ne wurin da ma'aikaciyar ke son taɓawa, kuma Alhaji na Kwari ka saurara. Ciwon yana jikin yarinya, gaskiya ne, amma ba ita kaɗai take ɗauke da shi ba, gidan duka ya shiga hidimarsa. Duk lokacin da tsoro ya taso mata ta tambaya aka amsa, hankalinta zai kwanta na ɗan lokaci. Abin da ƙwaƙwalwarta ke koya shi ne, ba zan iya jure wannan shakkar ba sai Mama ta cire min. Kamar susar ƙaiƙayi ne, daɗi nan take, anjima wurin ya ƙara faɗi. Shi ya sa tambaya ɗaya ke zama goma, buta ɗaya ta zama doka a gida. Masu bincike sun daɗe da auna wannan biye wa tsoron yaro da iyali ke yi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na iyayen irin waɗannan yara suna yi. Ba sakaci ba ne, tausayi ne. Yarinya na iya ƙin magana da likita, amma uwa tana da iko da amsar da take bayarwa. Daga nan ake farawa.

Yaya Malama, Rijiyar Zaki: Anti Nas ta faɗi ainihin abin. Ni fannin halayyar ɗan Adam na karanta, bari in ƙara da inda tsarin ya fito. Sunansa SPACE, wani masani Eli Lebowitz ne ya tsara shi a cibiyar nazarin yara ta Jami'ar Yale a Amurka. A gwajin da suka wallafa a 2020 sun ɗauki yara 124 masu shekara 7 zuwa 14 da ke fama da ciwon fargaba, suka raba su biyu. Kashi ɗaya yaran aka zauna da su ana yi musu CBT, wato koya wa yaro gane tunanin da ke tsorata shi da tunkarar abin tsoron sannu a hankali. Kashi na biyu yaran ba su zauna da mai magani ba ko sau ɗaya, iyayensu ne suka yi zama 12, mako-mako. Da aka auna a ƙarshe, yaran da iyayensu kaɗai suka je ba su gaza ɗaya ɓangaren samun sauƙi ba. Don haka Alhaji, abin da aka ba su shawara ba zaɓin wanda ya rasa abin yi ba ne, an gwada shi.

Baban Yara, Kantin Kwari: A Amurka aka gwada, Malama. Can uba da uwa da 'ya'ya biyu ne a gida. Nan fa?

Yaya Malama, Rijiyar Zaki: Wannan tambayar taka tana da nauyi, zan dawo kanta.

Dakta: Salam. Ina so in ɗan taka birki, domin kada a fita daga nan da cewa magana ta ƙare. Gwajin da Malama ta kawo sahihi ne, amma yaran da ke ciki fargaba ce babbar matsalarsu, irin tsoron rabuwa da uwa, tsoron shiga mutane, yawan zullumi. 'Yar wannan baiwar Allah OCD ce a gaba. A kan OCD, hujja mafi ƙarfi har yanzu tana wajen aikin da ake yi da yaron kansa, wanda ake kira ERP: a sa shi ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka, sannan ya daure bai yi wankin ko maimaicin ba, har jikinsa ya koyi cewa tashin hankalin yana sauka da kansa. Tun 1966 Victor Meyer ya fara wannan a Landan. A 2004 an wallafa wani babban gwaji a Amurka kan yara 112 masu OCD, shekara 7 zuwa 17. Waɗanda aka haɗa musu wannan horon da maganin sertraline, kusan kashi 54 cikin 100 ciwon ya lafa musu. Horon shi kaɗai kusan 39. Maganin shi kaɗai kusan 21. Waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa ba su kai 4 ba. Ana amfani da SPACE ga masu OCD kuma ana ganin amfani, amma gwaje-gwajensa a wannan ɓangaren ba su kai waɗancan yawa ba.

Sannan wani gyara. Mutane na cewa “a zauna a yi magana da yaro” kamar duk magana ɗaya ce. In zaman hira ne kawai, me ke damunki, kada ki damu, babu komai, to ga mai waswasi wannan na iya zama ƙarin wurin neman tabbaci. Abin da take yi wa mamanta a gida shi za ta koma yi wa mai maganin. Don haka duk wanda zai kai ɗansa, ya tambaya kai tsaye: za a yi aikin fuskantar tsoron ne ko hira kawai?

Yaya Malama, Rijiyar Zaki: Dakta, ban musa ko ɗaya ba. Amma ERP yana buƙatar yaro ya yarda ya sa hannu. Wannan ta ƙi ko ɗaga kai. A jira ta yarda, wata nawa ke nan hannu yana tsagewa?

Dakta: A halin da take ciki, a fara da iyayen, na amince. Abin da ban amince da shi ba shi ne a rufe ƙofar dawo da ita. Sau da yawa in gida ya daina ɗauke wa yaro nauyin tsoron, shi da kansa yake fara neman mafita, a lokacin ne zai zauna.

Ummu, Hotoro: Ban cika magana a nan ba amma yau dole in yi. Ni na taso da wannan ciwon, tun ina firamare. Abin da iyayena suka gani shi ne alwala da wanki. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne wanda ke cikin kaina: munanan tunani kan addini da ke faɗo min ba da sona ba, in yi ta maimaita istigfari a zuci har sai na ji ya “zauna daidai”, in sake Fatiha a ɓoye baki bai motsa ba. Na ɗauka na kafirta, kuma ba zan iya faɗa wa mahaifiyata ba ko za a yanka ni. Da a ce ita kaɗai aka koya wa, da ta daina amsa min tambaya, da ta daina wanke min kaya, wannan na cikin kai yana nan yana cina. Sai da na girma wata ƙwararriya ta ce min irin wannan tunanin alamar ciwon ce, dubban mutane na da shi, kuma tsanarsa da nake yi ita ce shaidar ba nawa ba ne. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba. Maman Biyu, ki je zaman iyayen, amma shirun 'yarki ya tsaya min a rai. Yaron da ke kallon ƙasa wani lokaci ba taurin kai ba ne, abin da yake ɓoyewa ne yake ganin ya fi ƙarfin faɗa.

Hajiya Inna: Allah sarki 'yata. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka miki da wannan bayani.

Anti Nas: Ummu, kin kawo abin da ni ban kawo ba. Gaskiya ne, iyaye na iya janye hannunsu ne kawai daga abin da suke ciki.

Malam na Kurna: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Islamiyya, kuma irin waɗannan yara suna zuwa gabanmu kafin su je gaban likita. Abin da Dakta ya bayyana ba baƙo ba ne a littattafanmu. A cikin Ahalari, wanda yaranmu ke karantawa tun suna ƙanana, an ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Malaman Malikiyya sun ware hukuncin wanda shakka ta aure shi, tana zo masa kullum, daga na wanda ta zo wa jefi-jefi. Kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim kan mutumin da ke jin kamar alwalarsa ta karye a sallah, Annabi (SAW) ya ce kada ya fita sai ya ji sauti ko ya ji wari. To ku duba, maganin shari'a shi ne kada a biye wa shakkar. Uwar da ta ƙi sake amsa tambayar najasa ba wasa take da addinin 'yarta ba.

Sai dai mu ma malamai a kiyaye. Yaro mai waswasi in ya samu malami mai haƙuri, kullum zai zo da tambaya: Malam alwalata ta yi? Malam in na yi tunanin kaza na fita daga Musulunci? A ba shi hukuncin sau ɗaya, a sarari, da taushi. In ya dawo da ita gobe a ce mun riga mun amsa wannan. Kuma don Allah a daina gaya wa ƙaramin yaro aljani ne a jikinsa, tsoro ake ƙara masa a kan tsoro. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba su hana zuwa asibiti.

Ummu, Hotoro: Allah Ya gafarta Malam, da na samu wanda ya faɗa min haka ina shekara 10.

Abban Walid: Ni fa duk wannan dogon bayani ne. Mu da muka taso, in ka tsaya ɓarnar ruwa a alwala tsawa ɗaya za a daka maka ka dawo hanya. Shagwaɓa ce ta yi wa yaran yanzu yawa.

Anti Nas: Abban Walid, a'a. Tsawa da duka suna koya wa yaro ya ɓoye, ba su cire tsoron. Zai daina a gabanka ya koma yi a banɗaki. Kuma ka lura, tsarin da muke magana ba “a ƙyale ta ta yi ta kuka” ba ne. Abu biyu ake haɗawa a jumla ɗaya: a nuna mata an yarda tsoron gaske take ji, a kuma nuna an yarda za ta iya ɗauka. Misali, “na san abin nan yana tayar miki da hankali ƙwarai, kuma na tabbata za ki iya jurewa.” Mai tsawa ya jefar da rabin farko. Mai lallashi da sake wanke hijabi ya jefar da rabi na biyu. Ba a kuma cire komai rana ɗaya. Abu guda ake zaɓa, a ce tambayar dare. A sanar da ita tun da rana, lokacin da hankalinta ke kwance, cewa daga yau Mama za ta amsa sau ɗaya ne kawai, ba don fushi ba, don mun gane yawan amsar ba ya taimakonki. Ba a ce mata ki daina tambaya. Uwar ce ke faɗin abin da ita za ta daina.

Maman Sadauki, Sharaɗa: Ni na bi irin wannan hanyar da ɗana, shi tsoron rabuwa ne, ba ya zama aji sai yana hango ni a bakin gate... a bakin ƙofar makaranta nake wuni kamar mai gadi. Abin da nake so Maman Biyu ta shirya masa shi ne, farkon abin ƙaruwa yake yi. Makon farko kukan ya ninka, har da cewa ba na sonsa. In ba a gaya miki haka zai faru ba za ki ce tsarin ne bai yi ba ki koma gidan jiya. Mu dai daga baya ya sauka, yanzu da ɗan sahu yake tafiya tare da yayyensa. Amma abin da ya kusa rusa mana komai ba yaron ba ne. Kakarsa ce. Ina fita za ta aika a ɗauko mata shi daga makaranta, wai ba za a kashe mata miji da kuka ba.

Yaya Malama, Rijiyar Zaki: Yawwa, ga tambayar Alhaji na Kwari ta dawo. A gidajenmu masu biye wa tsoron yaro ba mutum biyu ba ne. Akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai gwaggo da ke zaune a gidan, akwai yayye, akwai 'yar aiki. In uwa ta rufe ƙofa, yarinya za ta zaga ɗakin kaka ta samo amsarta. Wannan rauni ne in ba a shirya masa ba. Amma ni ina ganin ƙarfi ne kuma, domin shi kansa tsarin yana ƙarfafa a jawo dangi su tallafa wa iyaye, mu kuwa dangin a tsakar gida suke. Sannan ku duba halin da muke ciki. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware kan yara kuwa 'yan kaɗan ne a cikinsu. A Kano in ka cire sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, wurare nawa ne talaka zai nufa? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma doka ba ta haifar da ma'aikata a dare ɗaya. Koyar da iyaye ana iya yinsa rukuni-rukuni, ana iya bibiya ta waya, yaro bai rasa darasi ba. A Ingila ma Cathy Creswell da abokan aikinta sun daɗe suna gwada koya wa iyaye su yi CBT da 'ya'yansu a gida da ɗan jagorancin ma'aikaci, saboda can ma layin jira ya yi tsawo.

Baban Yara, Kantin Kwari: Na ji, kuma na rage gardama. Amma har yanzu ina cewa ko sau ɗaya a wata wani ƙwararre ya sa yarinyar a ido. Maganar Ummu ba ta bar ni ba.

Maman Biyu, Gadon Ƙaya: Na gode ƙwarai, ina karantawa duka. Abu ɗaya ke ci min rai. Tun da aka ce mu za a koya wa, dangin babanta suka fara cewa ashe dama ni na lalata ta.

Dakta: Hajiya, ki cire wannan. OCD yana da nasaba da gado da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, ba tarbiyyarki ce ta jawo shi ba. An kira ku ne don ku ne kuka fi kowa kusa da ita, kuma uba yana ciki daidai da uwa. Game da magani tunda an tambaye ni ta gefe: a babban gwajin 2008 kan yara 488 masu fargaba, haɗa CBT da sertraline ya taimaki kusan kashi 81 cikin 100, CBT kaɗai kusan 60, maganin kaɗai kusan 55. Yana da wurinsa, musamman in ciwon ya yi tsanani. Amma kada kowa ya je kemis ya sayo wa yaro. Likita ne ke sa shi, a fara da kaɗan, a riƙa bibiya sosai a makonnin farko domin wasu yaran kan samu rashin natsuwa ko tunanin cutar da kai. Ba a kuma yanke shi rana ɗaya. In yaro ya daina ci ko sha, ko ya fara maganar mutuwa, ko ciwon ya faɗo masa kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba na jiran zaman iyaye ba ne, a kai shi a gani da gaggawa.

Maman Sadauki, Sharaɗa: Hajiya Inna, ku ne manya. Yaya ake shawo kan kaka? Ni har yau ban iya ba, lallaɓawa kawai nake.

Hajiya Inna: Kuskuren da kuke yi 'yan nan shi ne suruka ce ke zuwa da maganar. Ko gaskiya ce a bakinki, za ta ji kamar kina koya mata reno, ita da ta reni ubansa. Ɗanta za ki tura, ya same ta ita kaɗai bayan isha'i, ba a gaban yara ba. Kada ya ce mata ta daina kaza. Ya ce likita ya ba da aiki kuma ba zai yiwu ba sai da ita, domin yaron ya fi jin maganarta. A ba ta nata aikin: in ya zo yana kuka ta zaunar da shi kusa da ita, ta ce jikana jarumi ne zai iya, amma kada ta aika makaranta, kada ta ba shi amsar da uwarsa ta hana. In ta ce addini ne ko tausayi ya hana ta, a ɗauko malamin da take jin nauyinsa, irin su Malam na Kurna, ya karanta mata wurin nan na Ahalari da bakinsa. In hali ya yi, ranar zaman asibiti ɗaya a tafi da ita ta ji da kunnenta.

Malam na Kurna: In an buƙace ni zan je, Hajiya. A dai sanar da ni kwana ɗaya kafin nan saboda darasin magariba.